Ledar Dakta Nasrullahi

Duk faɗin Dutse, in ka cire duwatsun da Allah Ya kafa, babu abin da ya kai Dakta Nasrullahi nauyi. Shi da bakinsa ya faɗa, kuma mai digiri uku ai ba ya ƙarya.

Aikinsa a wata cibiyar bincike, ga yadda ya fahimtar da jahilan majalisa: akwai wani sinadari wai shi inzayim, ɗan'uwan wanda ke cikin yawu yana narka tuwo. Ba ya zama wuri ɗaya. Dakta ya kama shi ya ɗaure a jikin wata 'yar farar leda da ba ta fi tafin jariri ba, kamar yadda ake turke akuya. In an ɗiga mata jinin mai ciwon suga, sai ta koma shuɗiya. Nan take majalisa ta naɗa shi Sarkin Turke.

Leda ɗaya tak ta yi kyau. Baƙi kuma za su zo daga Abuja su gani da idonsu. In ta yi aiki, kujerar shugaban cibiyar tasa ce. Ƙaramin mutum da sai ya kulle ta a firji ya jira. Amma Dakta ba marowaci ba ne.

Ya aza ta a gaban mota, inda rana za ta haska ta, ya zaga gari a hankali. Ya kai ta bikin sunan ɗan ƙanwarsa a Miga, ya karɓe lasifika daga hannun maroƙi.

"Jama'a, kallo daga nesa! Wannan abu ba ya son zafi, ba ya son hannu. Duk Arewa ni kaɗai na san haka."

Yana faɗa yana ɗaga ta sama cikin ranar azahar, har shinkafar suna ta huce.

Baffansa, Malam Idirisu, ya ce, "Kawo nan, ɗan nan, mu sa albarka."

Dakta ya buɗe baki zai hana, sai ya ga an ɗaga wayoyi ana hoto. Ya durƙusa ya miƙa da hannu biyu. Baffa ya yi addu'a ya tofa, da goro a bakinsa. Liman ya tofa. Mai unguwa ya ce shi ma ba za a bar shi a baya ba. Dakta ya goge ta da hannun riga, ya ce a sake hoton, hularsa ta karkace.

Ranar baƙi, ya fara jawabi tun daga yadda ya zo na ɗaya a firamare. Da ƙyar aka iso kan leda. Ya ɗiga mata ruwan suga na gwaji. Leda ta zauna da ɗan jan goronta. Ya ƙara.

"Ranku ya daɗe, tana nazari ne."

Ya sa aka kawo zuma, ya malala mata. Shugabar baƙin, Hajiya Mashkura, ta duba agogo.

Can sai ga amsa ta taho. Kiyashi suka jero daga ƙafar tebur, suka nufi ledar kai tsaye, babu jawabi.

Hajiya ta gyara gilashi ta ce, "To, Dakta, waɗannan dai sun gano sugan. Su ma kai ka turke su?"

Kujera ta tafi wurin wani. Dakta kuwa har yau yana shaida wa majalisa cewa a kan teburinsa aka gano sugan, a gaban manya. Gaskiya ne kuwa. Shi ya sa aka ƙara masa girma: yanzu Sarkin Kiyashi ne.