Ranar da Na Kai Tuta Inuwa

Ko me zan manta a duniyar nan, ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da aka ba ni jar tuta a tafkin Kainji ba. Har gobe in na ga jan ƙyalle yana kaɗawa sai in ji kunnuwana sun yi zafi.

Lokacin ina ƙaramin akawu a En'e ta Kontagora, ba a ma yanke mana Jihar Neja ba, komai sai an kai Sakkwato. Ina da kwat ɗaya, ina da agogon hannu, ina kuma da baki. Agogon nan kuwa duk unguwarmu an san da shi, don ko ba a tambaye ni lokaci ba sai na faɗa.

Yayan matata Ladi, wato Yaya Dauda, makaniken injin jirgin ruwa ne a wajen masu aikin madatsa. Mutum ne Bakambare mai ƙarancin magana, in ya ce maka "to" ya gama hira ke nan. Ma'aikatan wurin suna da kulob na ƙananan jirage masu inji, sukan yi wata gasa wadda ba ta gudu ba ce. Kowane direba zai rubuta tun kafin a tashi cewa zai isa wuri kaza da ƙarfe kaza da minti kaza. Sai a karɓe agogonsa, a bar shi da taswira da kamfas mai nuna gabas da yamma da lissafin kansa. Wanda ya fi dacewa da lokacin da ya rubuta shi ya ci. A kowane wuri kuma akan ajiye mutum a kwale-kwale da tuta da agogo, yana rubuta lokacin da kowa ya iso.

A shekarar aka bar ma'aikata 'yan ƙasa su shiga, aka kuma ce in ɗayansu ya ci za a ba shi tuƙin babban jirgin awon ruwa. Yaya Dauda ya yi shekaru kansa na cikin inji, wannan ce damarsa ta fita daga baƙin mai. Wata uku yana zanen lissafi a bayan kwalin sabulu. Da aka ce ana neman mai agogo kuma mai amana, shi ya kai sunana.

"Ka taɓa shiga ruwa?" ya tambaye ni.

"Haba Yaya! Ni da aka haifa a bakin kogi?"

(Gaskiya ne, a bakin kogin Kontagora aka haife ni. Abin da ban faɗa ba shi ne da rani nake tsallaka shi, wando a naɗe.)

Ranar gasa shugaban kulob ɗin, wani Baturen injiniya da ake kira Mai Lofe, ya haɗa ni da wani dattijo Basarke, Baba Garba, masunci. Aka ja kwale-kwalenmu har tsakiyar ruwa, aka yi aune-aune, aka saki ƙaton dutse da igiya, aka ɗaure mu. Mai Lofe ya nuna ruwa da lofensa ya ce da Hausarsa ta kwana-kwana, "Nan. Ba can ba. Nan." Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ya samu mutum.

Jama'a, ashe ranar kan ruwa daban take. Ta sama tana dukanka, ta ƙasa tana ramawa. Ga ni cikin kwat da laktaye (wa ya aike ni?), ga kwale-kwale yana lilo, ga ƙosan da na ci da safe ya fara neman hanyar dawowa. Can gefe kuwa, tafiyar da ba ta fi minti biyar da filafili ba, ga wani ɗan tsibiri da tsamiya ta baje inuwa a kan ruwa.

"Baba," na ce, "mu ɗan matsa can."

"Malam Akawu, ai cewa aka yi nan."

"Baba, ruwa ai duk ruwa ne. Tuta suke nema, kuma tuta tana hannuna. Ni na san aikin ofis."

Ya dube ni, ya dubi tsamiya, ya ce, "To, kai ne mai agogo." Ya kwance igiya ya ɗaura mata goransa na su don mu gane wurin in za mu dawo, muka tafi inuwa. Wayyo daɗi! Na cire kwat, na kafa tuta, har na fara tausaya wa masu tsaron sauran wuraren da ba su da dabara irin tawa.

Jirage suka fara zuwa. Kowanne sai in ga ya nufo can wajen goran, ya yi ɗan jim, sai direba ya hango jar tuta ya karkato ya zo gare ni. Ina rubuta lokaci, ina ɗaga musu hannu kamar wani hakimi. Shida suka wuce haka. Na lura duk sun makara, na ce a raina ashe Turawan ma lissafinsu sai a hankali.

Na bakwai shi ne Yaya Dauda. Ya zo a miƙe, kai a sunkuye kan kamfas, ya tsaya cak a inda babu kowa. Na miƙe ina kaɗa tuta, ina ihu, "Yaya! Nan! Ga mu nan!" Ya ɗago ya dube ni daga nesa, ya sunkuya ya taɓa wani abu a ruwa, ya ja jirginsa ya yi gaba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Wata uku na lissafi, a ce mutum ya kasa ganin tuta? Na duba agogo, na rubuta a gefen takarda lokacin da ya tsaya can, sannan a gaban sunansa na rubuta da manyan baƙaƙe: BAI ZO BA. Har wani alfahari na ji, wai ga ni mai amana, ko suruki ban raga wa ba.

Da za mu koma muka nemi gora muka rasa. Baba Garba ya yi ta ƙunƙuni har gaɓa.

Da la'asar aka taru a rumfa, ga kofi a kan tebur, ga matan ma'aikata, ga Ladi da ta biyo motar kasuwa tun daga Kontagora don ta ga yayanta da mijinta a rana ɗaya. Mai Lofe ya karanta takardata a lasifika, ya ce Dauda ya faɗi domin bai isa wuri na uku, wato nawa, ba. Na sunkuyar da kai irin na wanda gaskiya ta tilasta wa.

Yaya Dauda ya miƙe. Ya taka zuwa jirginsa, ya dawo ya dire wani abu a kan tebur kusa da kofi.

"Na isa," ya ce. "Wannan na tarar."

"A'a, gorana!" Baba Garba ya yi tsalle daga bayan taro. "Allah ya yi maka albarka, ɗana! Tun da muka koma inuwa nake cewa kada wani ya ɗauke shi."

"Inuwa?" in ji Mai Lofe.

Na yi wa Baba ido, na yi tari, na taka masa ƙafa. Ina! Dattijon nan ya ba da labari tiryan-tiryan, da tsamiya, da cire kwat, har da "ruwa ai duk ruwa ne", yana kwaikwayon muryata. Wata mata ta fashe da dariya, sai kowa ya ɗauka. Lofen Bature ya faɗi ƙasa. Ladi ta ja gyale ta rufe fuska. Ni kuwa na tsaya riƙe da tuta, gumi na bin laktaye, ina addu'ar tafkin ya taso ya tafi da ni.

Abin da ya cece ni daga duka shi ne ɗan rubutun gefen takarda. Da aka gwada shi da abin da Yaya Dauda ya rubuta da safe, ko minti ɗaya bai kauce ba. Sauran shidan duk tuta suka bi suka bar lissafinsu, shi kaɗai ya je inda aka ce. Aka ba shi kofi, aka ba shi jirgin awo, ya tuƙa shi har ya yi ritaya.

A motar komawa, muna wuce Zugurma Ladi ta juyo gare ni. Nan ta ce, "Da ka jawo masa asara, da yau a inuwar tsamiyar nan za ka kwana." Yaya Dauda kuwa bai taɓa yi mini faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo. Sai dai duk taron dangi, da na shigo zai ce, "Ku sa wa Akawu kujera a inuwa."

Tun daga ranar, inda aka ajiye ni nan nake zama, ko da dabarata ta fi ta mai ajiyewar. A bikin 'yarsa ya tsayar da ni a bakin hanya in riƙa nuna wa baƙi gida, sai ga ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Ga rumfar mai shayi taku uku daga inda nake, amma ko motsi ban yi ba. Ya fito da laima ya same ni sharkaf, ya dube ni sama da ƙasa.

"To," ya ce.