Kan Kifi a Anbariyya

Wani ne, tela, ya zo Madina bayan yaƙin Kuwait, yana neman auren Halimatu, 'yar Alhaji Rabo, haifaffen garin. Aka tsegunta masa cewa Alhaji ba ya wasa da dafaffen kifin wani gidan abinci a unguwar Anbariyya. Duk Alhamis ake kawo kifin daga Yanbu, a tafasa shi a ƙatuwar tukunya da albasa da dankali da busasshen lemun tsami, a juye wa mutane a faranti yana tururi. Gogan naka ya gayyaci Alhaji, kuma don tsabar dabara ya ƙi cin komai tun jiya.

Bayan Magariba aka dire musu faranti. Sai a lokacin mai hikimar ya tuna cewa a garinsu ba a cin abinci gaban suruki.

Alhaji ya naɗe hannun riga, ya ce, "Tafaddal, ya waladi. Sa hannu."

"A ƙoshe nake, Baba."

Cikinsa ya yi wani ƙugi, har mai kawo abinci ya waiwayo.

Alhaji ya ɓata rai. "Kai ka kira ni, kuma ka zuba mini ido? Aib! A nan wanda ya ƙi cin abinci da kai, kai ya ƙi."

Gogan ya ga aure na shirin suɓucewa, sai ya ƙaro ƙarya. "Wallahi likita ne ya hana ni cin kifi, Baba. Ko loma ɗaya na ci, fuskata kumbura take."

"Miskin!" in ji Alhaji. Don tausayi ya jawo farantin gabansa. Ya cinye tsoka, ya shanye romo, ya bi dankali ɗaya bayan ɗaya, gogan yana raka kowace loma da ido. Aka bar kan kifi kaɗai.

Alhaji na tashi wanke hannu, mutumin ya waiga hagu da dama, ya cafke kan ya tura a baki. Zafi kamar garwashi! Bai kai ga taunawa ba sai ga Alhaji ya dawo.

Ya tarar da kumatu sun yi suntum, idanu sun firfito, hawaye na zuba.

"La haula! Daga ƙamshi kawai? Yi magana mana!"

"Mmm."

Mutane suka taru. Wani na fifita, wani na tofa addu'a, mai gidan abincin na rantsuwa kifinsa na yau ne.

Alhaji ya dafa kafaɗarsa, ya ce, "Yarona, ka yi haƙuri. Gidana sau uku ake dafa kifi a mako, Halimatu kuwa ba ta iya kwana biyu babu shi. Ba zan kai 'yata takaba da hannuna ba. Khalas, maganar aure ta tashi."

Nan gogan ya sa yatsu biyu, ya zaƙulo kan kifin ɗungurungum har da idanunsa, ya ɗaga shi sama.

"Baba, na warke! Wallahi na warke!"

Alhaji ya dubi kan kifin, ya dubi gogan.

"Wannan ai ba warkewa ba ce, haihuwa ce. Mu kuwa ba ma ba wanda ya haihu kafin aure 'yarmu."