Makaɗin Mali

A majalisarmu ta Anka ni ne alƙalin kiɗa. Kalangu, garaya, faifan Indiya, kowanne ina iya faɗin sirrin daɗinsa. Rannan na kunna musu wani da na tsinta a wayata, na lumshe ido, na ce, "Daga Mali ne. Ku ji hannu, ko bugu ɗaya bai kuskure ba."

Sani mai haƙar zinari ya kasa kunne. "Malam, wanga ai injin niƙan dutsenmu na. Ji tarina ma."

Ashe wayar ce ta naɗa a aljihuna ranar da na ziyarce shi. Ni dai har gobe daɗinsa nake ji. Yanzu ko markaɗe aka tayar, sai su ce, "Alƙali, tashi, mutanen Mali sun iso."