Jakadan Sarukawa da Dutsen Wata

Duk wanda ya ce ƙananan ƙauyuka ba sa haifar manyan mutane, to bai taɓa zuwa Sarukawa ba. Gidaje arba'in ne maƙale a jikin tsauni, amma su suka ba ƙasar Japan Onodera Kihachi, Mataimakin Shugaban Ƙungiyar Manoma. Shekara goma sha tara yana mataimaki, ba don gazawa ba, don tsabar tawali'u, kamar yadda shi da kansa yakan bayyana wa duk wanda bai tambaya ba. Yana da hatimi mai sunansa a 'yar jaka rataye a wuya. Hatimin bai taɓa sauka a kan takarda ba, domin na shugaba ya wadatar, amma kullum da safe sai ya hura masa iska ya goge shi da gefen riga.

Yana kuma da aƙida guda: shugaba ba ya waiwaye. Da wannan aƙida ya taɓa baro matarsa a tashar jirgi, bai lura ba sai da ya isa gida ya nemi shayi.

A shekarar 1970 abubuwa biyu suka faru a duniya. Aka buɗe Bajekolin Duniya a Osaka, kuma tsohon shugaban ƙungiya ya ce gwiwoyinsa sun gaji, a zaɓi wani. Abokin takarar Kihachi wani Hasebe ne, mutumin da ba shi da wata baiwa illa gyara wa mutane injin huɗa kyauta. Kihachi ya ga cewa irin wannan ba a kayar da shi sai da babban abu. Ya tara jama'a, ya hau kan akwatin albasa.

"Jama'ar Sarukawa! Ƙasashe saba'in da wani abu sun hallara a Osaka, suna ta dube-dube, ba su san abin da ya rage ba. Mu ne muka rage! Zan kai ku, ku ga dutsen da Amurkawa suka ɗebo daga wata da idanunku. Duniya kuma za ta ɗanɗana tsamin daikon na Sarukawa, ta san ba ta taɓa cin abinci ba. In ban cika wannan ba, kada wanda ya ba ni ƙuri'a."

Tun daga ranar aka sa masa Jakada. Shi ya ɗauka yabo ne.

Kuɗin da ƙungiya ta iya tarawa ba su kai na jirgin ƙasa ba, balle masauki. Amma a hannun Jakada talauci ma manufa yake zama. Jirgi, in ji shi, na masu gaggawa ne marasa tunani, don haka za su bi motar kabeji da ke zuwa kasuwar Osaka, wadda za ta juyo ƙarfe huɗu na yamma daidai, da su ko ba su. Abincin bajekoli na masu almubazzaranci ne, kowa ya ƙullo dunƙulen shinkafarsa. Ɗan jagora mai tuta kuwa, da ake biya ya zaga da mutane, ai cin fuska ne a ɗauko shi alhali Kihachi yana raye. Matarsa ta ɗinka tuta da tsohon labule, aka ɗaura a sandar kamun kifi.

Saura gangar daikon, wato farin tushen nan mai kama da ƙaton karas, da ake tsimawa cikin dusa da gishiri. Duk ƙauyen babu tsami irin na Iya Tsune, tsohuwa 'yar shekara saba'in da takwas, wadda in ta yi tari mata goma suke kallon bakinta, mazajensu kuma suke kallon nasu. Ta ba da ganga, har da dutsen da ake danne murfinta, wanda ta gada wurin uwar mijinta.

"Kihachi," ta ce, don ita ba ta san wani Mataimaki ba, ta san shi tun yana yawo da majina, "ni ba ruwana da ƙasashenka saba'in. Maigidana ya mutu saura wata biyu a sauka a wata, kullum yana cewa ƙarya ne ba za a iya ba. Zan kai hotonsa ya ga dutsen nan, ya ji kunya. Shi ke nan abin da zai fitar da ni."

"Iya, ki sa a ranki ya riga ya gani."

Suka isa ƙofar bajekoli da hantsi, su goma sha biyu, kowa na warin kabeji. Watan Agusta ne, rana kamar ta sauko ta gaisa da mutane, amma Jakada ya sa baƙin kwat mai jela da ya aro wurin hedimasta. Ganga kuwa ya ƙi kowa ya taɓa. Kyautar ƙasa da ƙasa ce, dole ta fito daga hannun jakada, kada a ɗauki hoto da wani. Ya goya ta a baya da dutsenta, ya soka tuta a igiya.

A bakin ƙofa suka wuce wani bawan Allah riƙe da allo a kan sanda, an rubuta: Nan Ne Ƙarshen Layi. Jakada ya dube shi da tausayi.

"Ku duba, jama'a. Akwai wanda aka haifa don gaba, akwai wanda aka haifa don baya. Ku dai ku bi tutata."

Ya sa kai. Dubun-dubatar mutane ne a filin ranar, tutoci kuwa sun fi ganyen daji, kowace da garkenta na manoma masu hular kaba. Ba a yi taku hamsin ba wani garke ya ratsa tsakaninsa da mutanensa, wani ya biyo, sai tutar labule ta ɓace musu. Sun yi ta ƙwala kira, "Mataimaki! Mataimaki!" Ya ji sarai. Ya ɗauka kirari suke masa, ya ƙara sauri. Na gaba ya yi gaba, na baya sai labari.

Ya yi kusan awa yana tafe yana yi wa iska bayanin gine-gine. Da bayansa ya ce ba zai iya ba, ya sauke gangar a inuwar wani ƙaton bango. Ya shimfiɗa ƙyallen shunayya da aka naɗo ta da shi a kan murfi, ya ɗora dutsen, ya kafa tuta. Ya lura shiru ya yi yawa a bayansa, amma waiwaye ba nasa ba ne. Ya tsaya ƙiƙam yana kallon gaba, yana jiran su gama kunyar lattinsu su zagayo su ba da haƙuri.

To, a bajekolin nan akwai wata ɗabi'a da ta shiga jinin mutane. Kowa ya koyi cewa abin kirki yana ƙarshen layi, kuma tsayawa tambaya asarar gurbi ce. Wata mata ta ga mutum da kwat mai jela, da tuta, da wani abu a kan ƙyallen shunayya, sai ta tsaya. Mijinta ya tsaya bayanta. Wasu 'yan ƙungiyar masunta su talatin suka ga biyu a tsaye, suka ruga. Kafin Jakada ya share gumi, layi ya sha kwana.

"Layin mene ne?" in ji na hamsin.

"Dutse ne, an ce."

"Dutsen? Wancan dutsen?"

"To da wane dutse za a yi wa layi, na niƙa?"

Wajen mutum na ɗari biyu labari ya gama nuna: cunkoso ya yi yawa a rumfar Amurka, an fito da dutsen wata waje ya sha iska. Wasu ma'aikata biyu masu farar safar hannu suka zo. Ba su san layin ba, amma layi ba igiya abin kunya ne ga ƙasa, don haka suka kafa igiyoyi, suka tura mai allo ƙarshe, suka rusuna wa Jakada suka tafi.

Jakada ya ji ƙwalla ta cika masa ido. Ashe duniya ta daɗe tana jiransa, Sarukawa ce kawai ba ta sani ba.

"Sannu-sannu dai," ya shiga cewa. "A duba da ido, ban da hannu. Kowa zai samu."

Mutane suna zuwa, su rusuna wa dutse, su rusuna masa. Wani ya shaƙi iska ya ce, "Tabɗi, ashe haka wata yake wari!" Wani ƙato ya fashe da kuka, ya ce ƙamshin madafar uwarsa sak, ashe sama ma gida ce. Sai wata malamar makaranta ta miƙo ɗan littafin da ake tara tambarin rumfuna, ta ce ina tambarin wannan rumfa? Jakada ya ciro hatiminsa. Shekara goma sha tara! Ya danna, jan suna ya fito raɗau: Onodera. Daga nan sai littattafai suka yi ta zuwa, yana bugawa, har da hula da bayan tikiti da goshin wata 'yar tsana.

Wajen ƙarfe ɗaya wani dattijo mai tabarau ya matso ya rage murya. "Ranka ya daɗe, da gaske daga wata yake? Na ga kamar ya yi girma."

Nan Jakada ya gane abin da suke zato. Ya dubi dutsen Iya Tsune, da ragowar dusa a gindinsa. Ya dubi littattafan da ke miƙe. Gaskiya ta zo masa har maƙogwaro, ya haɗiye ta da yawu.

"Ba a ba ni izinin yin magana a kan wannan ba," ya ce.

Dattijo ya rusuna har ƙasa. Layi ya ninka.

Mutanen Sarukawa kuwa, da suka gaji da neman tutar labule, Iya Tsune ta ce a bar shi, ba shi suka zo gani ba. Suka tare wani mai wucewa, ina layin dutse? Ya nuna musu allo can nesa, ya ce wancan ya fi sauri, awa uku kacal. Suka shiga. A tsaye suka ci dunƙulen shinkafarsu. Ba su ga rumfar kowace ƙasa ba, sai ƙeyar wani mutumin Nagoya, wadda suka haddace. Ƙafafun Iya Tsune suka kumbura, aka ce ta zauna a riƙe mata gurbi, ta ƙi. Ta ciro hoton mijinta daga ɗamara ta rungume, tana ce masa, "Yi haƙuri, tsoho, mun kusa."

Ƙarfe huɗu saura kwata suka sha kwanar ƙarshe. Warin ne ya fara isa gare su.

Jakada yana kan ganiyarsa, kwat ya jiƙe sharkaf, yatsu jajur da tawada, yana cewa, "Na gaba! A matso, kada a ɓata wa duniya lokaci." Ya miƙa hannu karɓar littafi, sai ya ga hannun babu littafi, hoto ne. Ya ɗaga kai. Karo na farko a rayuwarsa ya so a ce ya waiwaya.

Iya Tsune ba ta dube shi ba. Ta daɗe tana kallon dutsen, da ɗan tsagin nan na gefe da ya samu ranar da ya faɗo mata a kan dakali. Sannan ta ɗaga hoton, ta juya fuskarsa ga dutsen, kamar yadda ta yi niyya tun daga gida.

"Duba, tsoho," ta ce. "Dutsen uwarka ne. Awa uku muka yi."

Abin ya ba ta baƙin ciki ƙwarai, kuma kowa ya gani.

"Iya," in ji Jakada, murya ƙasa-ƙasa, "a fahimci lamarin ta fuskar hulɗar ƙasashe..."

"Kihachi, ɗauko min gangata. Mota za ta tashi."

"Iya, ku yi sauri mana," wani ya ɗaga murya daga baya, "mu ma daga nesa muke!"

Iya Tsune ta naɗe dutsenta a ƙyalle. Mutanen layi suka dare suna rusunawa, a zatonsu lokacin mayar da shi ciki ne ya yi. Daikon kuwa ko yanki ɗaya duniya ba ta ɗanɗana ba. Mutanen Sarukawa ne suka cinye shi a bayan motar kabeji.

Ranar zaɓe Hasebe ya lashe, yana can ƙarƙashin injin wani ma aka je aka gaya masa. Amma kada a ce Sarukawa ba ta san darajar manyanta ba. Labari ya bazu a ƙauyukan tsaunin cewa akwai dutsen da mutum dubu uku suka yi wa layi a Bajekolin Duniya, sai mutane suka fara zuwa ran Lahadi su gani, su sayi daikon su tafi. Aka ɗora shi a kan matashi a zauren ƙungiya. Da taro ya fara yawa, sabon shugaba ya ce ana bukatar mutum mai ƙwarewa ta ƙasa da ƙasa, kuma Iya Tsune da bakinta ta ba da sunan wanda ya dace.

In ka je Sarukawa ran Lahadi za ka same shi, da kwat mai jela, da hatimi a wuya, yana tsaye ƙiƙam ba ya waiwaye. Ba ya ma bukata, don babu kowa a bayansa. A hannunsa akwai sandar kamun kifi, a kanta allo: Nan Ne Ƙarshen Layi.