Yadda Za Ka Shigo da Ilimin Ƙetare Makarantarka Ba Tare da Ka Bar Azare Ba

Kai hedimasta, matso kusa. Shekara tara na yi a kan irin kujerarka, kuma ga alkawarina: bi matakan nan, kafin ƙarshen zango iyaye za su rantse a Landan 'ya'yansu ke karatu, kwana kawai suke dawowa yi a gida.

1. Fara da bango

Kira mai fenti ya zana tutocin ƙasashe goma. Ba sai ka san ko ta ina ce ba, babu mai tambaya. Ni ta bakwai ɗina mai fentin ne ya ƙirƙiro ta da ragowar fenti.

2. Gyara darasi

Yara su haddace lokutan shekara huɗu na Turai, su zana ƙanƙara tana zuba, ko da gumi na ɗiga a kan takardar. Idan kana da irin Malam Babayo, malaminmu na labarin ƙasa da ya nace sai ya kai ɗalibai gonakin Disina, mayar da shi buga ƙararrawa. Ya zauna a Diffa da Injamena, yana jin Fulatanci da Barbarci da Faransanci, amma duk a mota ya je. Ƙasar da ake zuwa a mota ba ƙasar waje ba ce.

3. Hana Hausa

Duk wanda aka ji yana yin ta, tsallen kwaɗo. Aji zai yi tsit. Wannan shirun shi ake kira natsuwa irin ta Turawa.

4. Nemo baƙo

Taron iyaye ba ya armashi sai da masani daga ƙetare. Ni Nonso na samu, mai kayan janareta a kasuwa, wanda ke zuwa ƙasar Sin saro kaya. Na ara masa kwat, na roƙe shi ya manta Hausarsa ta shekara ashirin na awa biyu kacal.

5. Duba waɗanda ke layin gaba

Nan na yi sake. Hajiya Mas'uda, mai jikoki biyar a wurinmu, ta ƙura wa Nonso ido yana tsaka da Turanci, sai ta tambaye shi ko fulogin janaretan da ta sa ya nemo mata ya iso.

"Tun Talata, Hajiya," in ji shi, da Hausa tas.

Da dariya ta lafa, ta ce tunda dai da gaske yana zuwa can, ya faɗa musu abin da ya gani. Ya tuɓe kwat ɗin ya miƙo mini.

"Ban ga yaron da aka hora don ya yi yaren uwarsa ba," ya ce. "Da shi suke lissafi, da shi suke ƙera injin da nake sayar muku."

Hajiya ta juyo gare ni. "To Malam, mu wace ƙasar ka kwaikwayo mana?"

6. Kada ka amsa

Sa a yi addu'ar rufe taro. Haka na yi, kuma kowa ya shafa. Litinin yara ashirin da uku ba su dawo ba, ran Laraba mai makarantar ya karɓe makullin ofis daga hannuna.

Gargaɗi

Idan ka bi shawarata azuzuwanka suka zama wayam, babu hannuna, ban ma taɓa ganinka ba. Mai ƙorafi ya same ni a garin Yana, nan kusa da Azare, a gonar surukina. Can nake ƙaro ilimi a ƙetare, kamar yadda aka sanar da iyaye.