Rasuwar Laimar da Ke Kama Mini Benci

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wuya mai ciwo saboda leƙen allo daga nesa, nake sanar da rasuwar laimata, baƙa mai kan katako, wadda ta cika a bencin gaba na ɗakin lacca tana bakin aikinta.

Marigayiya ba ta taɓa tare ruwa yadda ya kamata ba, ba zan yi mata ƙarya ba. Aikinta kama wuri. Da sassafe in shimfiɗe ta kan benci, in koma in kai yara makaranta, in dawo da gudu in tarar da ita ta riƙe amana. Malamin Fiziks ya ce ƙwayar lantarki kan kasance nan da can lokaci guda. Ni dai ban gane ba, amma da ita nake yin haka.

Kwas ɗin nan na igiyoyin sauti da haske sau biyu yana kayar da ni. Wannan ne zagaye na ƙarshe, in na sake faɗuwa sai kora. Malam kuwa yana koyar da yadda sauti ke tafiya, amma muryarsa ba ta wuce layi na uku.

Ajalinta ya zo ta hannun wani ƙaton yaro da ake kira Buhu. Ya gan ta sarai, ya zauna a kanta. Waɗanda suka halarta sun ce ƙaras ɗaya ta yi, haƙarƙarinta suka watse. Wayyo, ita da ko buɗe ta aka yi, fat kawai take cewa! Mai gyara ya juya ta, ya girgiza kai, ya ba ni haƙuri.

Ta bar ni, da ƙawata mai juna biyu da ke raɓawa gefenta, da maigidana, wanda tuni ya gaya wa danginsa bana zan gama. Yanzu ina can ƙurya, bayan ginshiƙi. Ina ganin bakin Malam na motsi. Tsoro nake ji, wallahi.

Za a karɓi gaisuwa a bencin baya, kafin lacca. Ba a buƙatar komai. Jana'iza sai bayan jarrabawa, don ƙila rami ɗaya ya ishe mu. Mai son yi mini ta'aziyya ta gaskiya, in yana layin gaba, don Allah ya ɗan matsa.