Tanimu Ɗan Girka da Ruwan Teku

Wani mutum ne a Funtuwa, Tanimu, wanda duk garin aka sani da Ɗan Girka. Ko gaisuwar mutuwa ya je sai ya sako zancen wani ɗan tsibiri na ƙasar Girka, wai ya taɓa zama can. Alhali mu da muka tashi tare mun san ko Zariya ya je sai ya yi amai a mota.

To, akwai Hajiya Indo, bazawara mai sayar da atamfa, wadda Tanimu ke nema kamar ya mutu. Ran nan ta ce, "Malam Tanimu, ni da ƙanena za mu Turkiyya saro kaya, an ce tsibirin naka kusa yake. Ka zo ka zaga da mu. In mun dawo sai ka turo manyanka."

Tanimu ya bugi ƙirji ya ce, "Hajiya, ai gida za ki kai ni!"

Daga Turkiyya suka shiga jirgin ruwa, suka sauka a tsibirin. Gidaje farare tas, ƙofofi shuɗɗa, jakuna na hawa da kaya. Tanimu ya shige gaba yana baza hannu. Suka ga tsohon injin niƙa mai juyawa da iska, ya ce rumbu ne, fankar don kada gero ya gumu. Suka ga wata dabbar ruwa mai hannuwa takwas an shanya a igiya, ya ce ganda ce. Suka hau tudu wurin wani ɗan coci mai ƙararrawa, ya ce gidan mai unguwa ne, abokinsa, amma yau ya je ɗaurin aure. Hajiya dai sai "to" take.

Da suka gangaro bakin teku, ƙishirwa ta ci kowa. Ƙanen Hajiya ya nufi shago zai sayo ruwa.

"Kai, dawo!" in ji Tanimu. "Ga ruwa har iya ganinka, za ka saya? Wannan na sha duk zamana a nan. Ya fi na randa daɗi."

Hajiya, wadda ta sha zuwa Jidda, ta dube shi ta ce, "Bismillah, fara mana."

Ya tattare babbar riga, ya tsuguna, ya cika tafi biyu, ƙwat! ƙwat! Sai idanu suka yi jajir, jijiyar wuya ta miƙe. Ya so ya daure, ina! Furrr, ya feso ta baki ta hanci, hula ta faɗa ruwa. Wallahi ko ni da ake ba labari sai da na tausaya masa.

Yana tari yana hawaye ya ce, "Hajiya... sun ɓata shi. Wancan zuwan babu gishiri."

Ta gyara mayafi ta ce, "Allah sarki, jin za ka dawo ne suka zuba. Ka ce wa manyanka su huta, kada su wahalar da ƙafarsu."